Zarton da Ba a Miƙo Mini Ba

An sallame ni daga wata makarantar koyon sana'a a Gummi kafin shekara ta zagayo. Lokacin sojoji ba su daɗe da miƙa mulki ga farar hula ba. An ce na faɗi jarrabawar aikin hannu. Gaskiya ne, na faɗi.

A rugarmu, can bayan Nasarawa Burkullu, yaro ba ya ɗaukar kayan aikin da ba nasa ba. Sanda, igiya, ƙwaryar tatsa, kowanne da mai shi. Sai an miƙo maka, ka karɓa da hannu biyu. Na taɓa ɗaukar wuƙar mahaifina, da muke kira Baffa, ban tambaya ba. Bai doke ni ba. Ya daina yi mini magana har kasuwa ta ci ta sake ci. Da wannan tarbiyyar aka kai ni ajin kafinta, da ɗan karatun firamare da bai kai ya kawo ba.

Kayan aikin ba su da yawa, duk a akwati ɗaya. Da safe malaminmu zai buɗe shi, ya ce bismillah, ya koma gefe. Yaran gari, 'ya'yan kafintoci da maƙera, sai su yi caa a kai. Wannan ya fizgi zarto, wancan guduma. Sun saba tun a gida. Ni kuwa ina tsaye, ina jiran a kira ni a ba ni.

"Ɗan ruga," in ji wani ɗan maƙeri, "saniya kake jira ta kawo maka zarto?"

Aka yi dariya.

Malam ma ya taɓa tsayawa a kaina. "Kai, mi kake yi nan kamar turke? Ka gane aikin?"

"Na gane, Malam."

A wurinmu ba a ce wa babba ba a gane ba. Ya wuce. Ya ɗauka lalaci ne.

Haka na zauna. Abinci ma bayan aji nake zuwa in ci, don ban iya ci gaban mutane ba. Ban yi aboki ba. Da ido na koyi komai: yadda ake awo, yadda ake dafe katako da gwiwa, yadda ake karkata ƙusa.

Ranar jarrabawa aka ce kowa ya yi kujera 'yar tsugunne. Wanda ya faɗi, gida. Ranar ce Malam ya bi layi yana raba kayan aiki da kansa. Ya miƙo mini zarto, na karɓa da hannu biyu. Idona ya san aikin, hannuna bai sani ba. Zarton ya riƙa kaucewa, katakon ya tsage. Ƙafa ɗaya ta fito gajera.

Malam ya ajiye kujerar ƙasa, ya taɓa ta da yatsa, ta yi rawa.

"Ina kake duk shekarar nan?"

"Nan nake, Malam."

Na koma ruga da kujerar cikin buhu. Inna ta sa mata dutse ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, ta zauna. Baffa ya miƙo mini sandar kiwo.

Bayan nan annoba ta cinye shanunmu. Baffa da Inna sun rasu. Yanzu ina Anka, ina dakon katako a wata rumfar kafintoci. Ɗaki ɗaya gare ni a bayan rumfar, ni kaɗai.