Salatif Ɗin da Injiniya Ya Ɓare

Surukin Alhaji ya ɗora mini laifin da hannunsa ya aikata. A gaban ma'aikata da maƙwabtan shago ya ce ni jahili ne, aka ce in je gida in huta.

Shekara da shekaru ni ke kula da babbar kwamfutar shagon kayan motar Alhaji a Abossey Okai. Ban yi nisa a makaranta ba, a kan benci na koyi gyara. Tun da ciwon ƙafa ya zaunar da Alhaji a gidansa na Nima, daga ɗaki yake shiga kwamfutar ta laftof, ya ga kayan da suka fita da waɗanda suka saura. Lambar da injin ke amsawa da ita a layi, na rubuta ta a farin salatif na manna a gefensa. Haka nake aikina.

Ina Tamale wajen ta'aziyya sai dumso, wutar nan tamu mai zuwa tana komawa, ta ƙone allon cikin injin. Suruki, wanda ake kira Injiniya, mai digiri biyu, mai ɗaura taye har ranar Juma'a, ya saka sabon allo. Ya ga salatif ɗina, ya ce ƙauyanci ne, ya ɓare ya yar. Tsabta ke nan irin ta masu ilimi.

Inji ya tashi, amma Alhaji ya yi ta ƙoƙarin shiga daga Nima, shiru. Kafin in dawo an gama shari'a: wai haɗin da na yi tun farko ne ba ya kan ƙa'ida. Kwana huɗu Injiniya yana fama. Ya kashe, ya kunna. Ya sake kalmar sirri sau uku har shi ma ya rikice. Ya zagi kamfanin layi da Turanci mai kyau, wannan kam ya iya.

Rana ta biyar Alhaji ya bugo mini.

"Malam, don Allah je ka duba mana. Zaman makaho nake yi a nan."

Don girman tsohon na hau trotro, motar haya. Ashe sabon allo ya karɓi sabuwar lamba, rauta kuwa, na'urar da ke raba layi, tana nan tana tura Alhaji tsohuwar lamba, gidan da masu shi suka tashi. Lambar tana kaina. Na mayar wa injin ita. Shayin da aka kawo mini bai huce ba Alhaji ya bugo, wai ga kayansa yana gani.

Suruki ya gyara taye. "Massa, ai abin da nake shirin yi ke nan."

Na fito da shi bakin shago, na yafito duk waɗanda suka ji zagin ranan. Na ce:

"Injiniya, ga su nan. Faɗa musu abin da ya lalace, da Turanci ma an yarda. To, ranar da ka kira ni jahili ba raɗa ka yi ba. Da wannan muryar za ka ce musu laifin naka ne, yanzu, ina tsaye."