Ustaza Safa da Ƙwaryar Iya

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga Nuwamba, 2022, bayan Azahar, Allah ya karɓi ran Ustaza Safa Zainul'abidin, malamar firamare a unguwarmu ta Mayo, bayan jinyar kwana shida a Omdurman. Na zauna rubutun nan da niyyar kuka, Safa, amma duk abin da na tuna game da ke sai ya sa ni murmushi. Ki yafe mini.

Shekara huɗu ke nan da ranar da kika dawo da ɗalibanki daga taron yara da aka shirya a wani gidan tarihi a cikin Khartoum. Kika faɗo gidanmu kina haki, kika ce mu ma sai mun yi namu. Kakanninmu sun taso a ƙafa daga Kano da Katsina za su Makka, suka zauna a nan, amma yaranmu ba su taɓa ganin ko cokalinsu a kan tebur ana nunawa ba. Maganar ta taɓa ni, domin 'yata Rahaf, mai shekara goma sha uku a lokacin, ta daina amsa mini da Hausa tun da aka yi mata dariya a makaranta. In na yi mata magana a cikin mota sai ta kau da kai kamar ba ta san ni ba. Tsorona shi ne ta girma tana jin kunyarmu.

Kika sa ranar Alhamis bayan La'asar a farfajiyar makaranta, kika ce kowane gida ya kawo abinsa mafi daraja. Mu kuwa da muka ji baƙi za su zo, ai sai muka tashi fitar da kanmu kunya! Tebura suka cika da sababbin kofunan gilas da farantai masu bakin zinare, wasu ko takardar shago ba a ɓare ba. Mahaifiyata, Iya, fanka ta kawo a kwalinta. Kika yi dariya har kika zauna a ƙasa, amma ba ki kunyata kowa ba. Kika yaba kofunan nan ɗaya bayan ɗaya, sannan kika ɗage taron da mako biyu.

A makonnin nan babu gidan da ba ki sha gahawa ba. Kina jan tsofaffi da hira har sai sun leƙa ƙarƙashin gado. Gidanmu sau uku kika zo. A na ukun Iya ta jawo ƙwaryar da kakarta ta riƙa shan ruwa da ita tun daga Katsina, ta tsage, an ɗinke ta wuri huɗu.

"Ya Safa, wannan abin kunyar za ki nuna wa mutane?" in ji Iya. "Sai a ce 'ya'yana sun kasa saya mini kwano."

"Habboba, kwano yana nan a kowace kasuwa," kika ce, kina kiranta kaka da Larabcin nan Sudan. "Wannan fa, wa zai sayar mini?"

Kai, taro na biyu! Ga allon da ya sha hayaki, ga takalmin fata ƙafa ɗaya, ga ƙwaryar Iya a tsakiya. Mutane suka zo daga unguwannin Shajara da Dar Salam, yara na gudu daga tebur zuwa tebur. Da aka idar da Magariba kika haska a bangon aji ɗan fim ɗin da kika ɗauka da wayarki, tsofaffi suna ba da labarin hanya. Fuskar Iya na fitowa mata suka rangaɗa guɗa, ita kuwa ta rufe fuska da mayafi tana leƙe.

Kin sa doka cewa jikan mai kaya ne zai yi bayaninsa. Rahaf ta tsaya, ta yi nata da Larabci, kanta a sunkuye. Na yunƙura zan kwatse ta, kika riƙe hannuna kika ce, "Ki bar ta. Ai ta tsaya." Haka aka yi ta yi kowace shekara, ina ƙorafi kina ba ni haƙuri. Na sha cewa a raina haƙurin naki ya yi yawa.

Jiya muka je gidan makoki. Muka ɗaga hannu muka yi Fatiha, muka zauna. Sai Rahaf ta tashi, a gaban ƙawayenta na makaranta, ta durƙusa gaban mahaifiyarki Nana Aisha, ta ce da ƙarfi, da Hausa, "Habboba, sannu da haƙuri. Allah ya jiƙan Ustaza. Taron baɗi mu za mu yi." Hausar a karkace take, amma kowa ya ji. A nan ne kukan ya zo mini, domin abin da kika jira shekara huɗu ya faru, ke kuma ba ki nan.

Allah ya gafarta miki, Safa, ya yalwata kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarki, da mijinki Malam Muntari, da 'ya'yanki Duha da Habibu, da duk yaran Mayo. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.