Rumfar da Na Kafa a Bakin Kogi

A daminar da masaƙarmu ta Kakuri ta ba mu hutun dole saboda ƙarancin auduga, watanmu bakwai da aure, amma ban taɓa buɗe baki na gaya wa matata ina son ta ba. Son yana nan, wurin faɗa ne babu. Gidan haya muke, ɗakuna a jere, bango kamar takarda. In ka yi atishawa, daga ɗaki na uku za a ce maka sannu.

Ni kuwa ƙananan littattafan soyayya na kasuwa ne suka rene ni, kuma a cikinsu namiji ba ya faɗin irin wannan magana kusa da turmi. A ɗaya na karanta yadda wani saurayi ya kafa tanti a bakin ruwa, iska na kaɗawa, ya zaunar da masoyiyarsa ya amayar mata da abin da ke zuciyarsa. Sai na rubuta wasiƙa shafi huɗu, na ƙudura mu yi kwana biyu a bakin Kogin Kaduna, mu kaɗai, in karanta mata.

Na kai wa telan unguwarmu atamfar da inji ya ɓata wa zane, na ce ya ɗinka min tanti. Bai taɓa ganin tanti ba, amma ya sha ganin rumfar biki. Ita ya ɗinka, har da geza.

Ranar Asabar da hantsi muka fita, ni da gora huɗu a kafaɗa, ita da kular shinkafa a ka.

"Maigida, wa za mu gaisar a can?" in ji ta.

"Ba kowa. Hutawa za mu yi."

"Ba a gida ake hutawa ba?"

Kogin ya cika, ruwan ja kamar shayi da madara. Na kafa rumfa, ta shimfiɗa tabarma. Na zaro wasiƙa ke nan ina gyaran murya, sai ga wani tsoho masunci ya ajiye komarsa, ya tsuguna a bakin tabarma.

"Sannunku da haƙuri. Ruwa ne ya ci shi?"

"Wa, Baba?"

"Wanda kuke zaman makokinsa."

"Ba wanda ya mutu. Hutawa muka zo yi."

Ya dubi gezar ya jinjina kai. "To, suna ne."

"Ba suna ba ne."

"Ɗana, ba a kafa rumfa a banza. In ba ka shirya faɗa ba, ma jira."

Ya gyara zama. Da masu haƙar yashi suka hango an zauna, suka wanke ƙafa suka taho. Can sai ga matan zumunta na wani coci sun dawo daga koyon waƙa, shugabarsu, wata Mama mai faɗin kafaɗa, ta ce ai baftisma ce, ruwa ga shi, rumfa ga ta. Har yau ban san daga ina aka kawo bencina ba. Matata kuwa an yi mata tarbiyya, ba ta iya ganin baƙi ta zauna. Ta buɗe kula, shinkafar kwana biyu ta ƙare kafin azahar. Wani mutum ya riƙe hannuna ya ce ya san marigayin, mutumin kirki ne ƙwarai.

Daga nan Mama ta tafa hannu. "Mai taro ya yi jawabi, rana na yi. Ga shi ma ya rubuto."

Na hango matata a bakin ruwa tana wanke kwanuka. Na san in na mayar da takardar nan aljihu, ta koma ƙasan akwati ke nan. Sai na miƙe, na fara.

"Ya hasken idanuna."

"Amin," in ji Baba.

"Tun ranar da na gan ki a layin famfo, barci ya ƙaurace min, abinci ya daina min daɗi."

"Allah ya ƙara sauƙi," in ji wani mai yashi.

"Ke ce inuwata a tsakar rana."

"Amin," gaba ɗaya wannan karon, har da ganga.

Ina kai ƙarshen shafin farko, matata ta taso, ta goge hannu a zani, ta ratsa tsakanin bencina ta zare takardar daga hannuna.

"Mama, ku yi haƙuri. Sauran ba na taro ba ne, nawa ne."

Ta naɗe ta ɗaure a haɓar zani. Mama ta dube ta, ta dube ni, ta ce ashe sabunta aure ne, me ya sa ba a faɗa ba tun ɗazu. Suka ta da waƙa. Baba bai yarda ba, ya ce shi dai ya yi wa mamacin addu'a.

Ba mu kwana a can ba, hadari ya haɗo da la'asar ya watsa taro. A hanya, rumfar a jiƙe a kaina tana ɗigo min ja da shuɗi a wuya, matata ta matso kusa ta rage murya.

"Gobe Lahadi, duk gidan za su tafi sujada a coci. Ni kaina zai yi ciwo."

"Allah ya sawwaƙe, in sayo magani?"

"Maigida," in ji ta, "kai ma naka kan ya yi ciwo."