Gudun Neman Burkutu a Sakkwato

Tun ina makarantar horon malamai nake gudu, kuma da aka turo ni koyarwa gida, Warra, ban daina ba. Kullum bayan sallar asuba sai in ɗaura kambas in bi bakin tafki, in wuce masunta suna warware koma, in kai har gonakin gero in juyo. Da mutane suka gaji da tambayata wa ya koro ni, sai suka ƙyale ni da haukata.

Kawu, yayan Innata, shi ya riƙe ni bayan ta rasu. Ni na musulunta a makaranta, shi kuwa yana nan kan addinin kakanninmu, kuma bai taɓa yi mini gori ba, sai dai tsokana. Malam yake kirana. Tsohon garinmu yana ƙarƙashin tafkin Kainji, da kaburburan iyayensa da na Inna. Duk wani babban abu da zai yi, sai ya je bakin ruwa ya zuba musu burkutu ya sanar da su.

Shekarar da yanar ido ta gama rufe masa ido biyu, lokacin muna cikin jihar Sakkwato, aka ba mu takarda a Yelwa zuwa babban birni, inda wani likitan ido yake zuwa jefi-jefi. Ranar tafiya mota ta cika da wuri. Kawu ya ce in kai shi bakin ruwa tukuna, ni kuma na ce ba lokaci, na ɗaga shi na sa a mota. Laifina ne, ban taɓa ɗora wa kowa ba.

Mun isa Sakkwato ranar Litinin, aka ba shi gado a asibiti, aka ce aiki sai Alhamis da ƙarfe takwas. Sai ya zauna bakin gadon ya ce, "Malam, ba ni kwantawa a sa min wuƙa ga ido waɗanda muka baro cikin ruwa ba su sani ba. In babu burkutu, maishe ni gida da makantata."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce in likitan nan ya tafi ba mu san ranar dawowarsa ba. Ya juya mini baya. Na san halin kayana: in ya ce a'a, ko jaki ya fi shi sauƙin ja. Na fito ina huci, na ce ko ƙarƙashin ƙasa ake dafa ta a garin nan sai na tono ta.

To, amma wa zan tambaya? Masaukina gidan wani dattijo ne, abokin hedimastanmu, wanda carbi ba ya barin hannunsa. Na gwada kewaye-kewaye da wani mai shayi, kallon da ya yi wa gemuna ya sa na shanye shayina da zafinsa. Sai na tuna abin da nake da shi: ƙafafu, da hanci. Inna mai dafa burkutu ce, a gindin tukwanenta na yi rarrafe. Na san gidan giya tun daga nesa, da manyan gumagumai a ƙofa, da tsirarriyar dawa shanye a tabarma, da tsamin dusa a kwata. Kuma mai gudu ba a tambayarsa me yake nema a unguwar da ba tasa ba.

Ranar Talata na fita da asuba. Gudu a birni wahala ne ga wanda ya saba da yashin bakin tafki. Kwalta tana dukan gwiwa, masu keke suna zagi, na kusa shiga tsakanin ƙafafun raƙumi. Da ƙyar na samu wata siririyar hanya da ta gangara fadama, tsakanin lambunan albasa da rake, nan numfashina ya dawo daidai. Can iska ta kawo mini wani tsami. Na ce alhamdu lillahi, sannan na ji kunyar abin da nake wa godiya. Na bi warin nan lungu-lungu har na faɗa majema, mutane tsaye cikin ramuka suna jeme fatun awaki. Wani ya ce, "Fata kaka so, ko ɓata ka yi?" Na ce duka biyun babu, na juya.

Ranar Laraba na sake bin hanyar fadama, na ɓulla ta wani gefen gari, sai na ji waƙa da takun ƙafa. Sojoji ne suna gudun safe. Na shiga bayansu. Wani mai igiya uku da ke ba da waƙa ya waigo ya gan ni, ya ƙara wuta don ya yar da ni. Bai san yashi na saba takawa ba. Na manne musu har ƙofar bariki, wasu daga cikin nasa ma a bayana suka iso.

Ya tsare ni yana haki. "Kai, mi kaka biɗa?"

Da na ga tsagen fuskarsa na san mutumin wajen Zuru ne, maƙwabcinmu. Na faɗa masa gaskiya tun daga tafki har gadon asibiti. Bai yi dariya ba. Ya ce nasa tsohon ma haka yake, ya ja ni bayan bariki, inda matan sojoji suke da rumfuna. Ga gumagumai, ga dawa a tabarma, ga manyan tukwane baƙi ƙirin. Raina ya sosu, don rabona da wannan wari tun Inna tana da rai.

Mai rumfar ta ce ta jiya ta ƙare, wadda ke tukunya kuma ba za ta tashi ba sai gobe da hantsi. Na ce hantsi ya yi mini nisa. Ta ce in zo da fitowar rana, za ta ɗebo mini ta sama.

Ranar Alhamis na riga rana isa. Ta cika mini ƙaramin galan, ta kurɓa a gabana kamar yadda ake yi, ta ce, "Kak ka toshe ta, ɗana, numfashi takai." Na fi kowa sanin haka. Amma ina tunanin malami da gemu yana ratsa birnin Shehu yana warin giya, sai na murɗe murfin tamau, na naɗe galan a tawul, na rungume na zuba da gudu.

Tafiyar da nisa, rana ta yi zafi da wuri, ni kuma ina ta jijjiga abin da bai gama tashi ba. Ina hango katangar asibiti, murfin ya yi tsalle. Kumfa ta wanke mini fuska da gemu da riga, har cikin baki. Wani mai tallan goro ya ja da baya yana a'uziyya. Na leƙa galan, abin da ya rage bai fi ludayi biyu ba. Na toshe bakin da tafin hannu na shige, kowa ya kalla ya more.

Na tarar an fara kiran sunaye. Na riƙo hannun Kawu muka zaga bayan ɗakin majinyata, gindin wani dogonyaro. A al'adarmu wanda ya kawo abin sha shi yake fara kurɓa, kuma tun a hanya abin yake damuna. Ya karɓi galan ya ce, "Ka taɓa?" Kafin in amsa ya shinshina iska, ya shafa jiƙaƙƙen gemuna. "A'a, Malam, kai wanka ma ka yi. Ya isa. Juya ni wajen ruwa."

Na duba alƙibla na ajiye ta a hannunsa na hagu, fuskarsa ta kalli kudu. Ya durƙusa yana ɗiga burkutun a ƙasa da kaɗan-kaɗan, yana kiran matattunmu da yarenmu, ya gaya musu inda yake da abin da za a yi masa. Inna ya kira a ƙarshe. Ya ce mata, "Ba ta da yawa, amma ɗanki ya ɗauko ta, da ƙafa." Na yi kuka, ban ɓoye ba. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce mu je, kada mu sa likita jira.

Ranar da aka kwance masa bandeji ina tsaye a gabansa. Shekara huɗu rabonsa da ganin fuskar mutum. Ya daɗe yana ƙifta ido, yana dubana daga kambas har hula, sannan ya ce, "Ashe goshin Innarka ka ɗauko. Na fara mance kamarta."