Uthman Mai Wankin Hula da Masu Gaisuwa ta Imel

To, bismilla. Wannan labarin Uthman mai wankin hula ne, wanda rumfarsa ke bayan katangar tashar Jabi a babban birnin tarayya, dab da masu facin taya.

Shi Uthman tun garin nan yana jar ƙasa da katafila ya zo. Leburanci ya fara, ɗaukar kwanon kankare, har bayansa ya ce ya gaji. Sai ya duba ya ga ma'aikatan gwamnati sun fara cika gari, kowa da hula a ka, ba mai wanke musu. Ya sayi buroshi da bokiti da sitaci, ya sa aka sassaƙa masa itatuwan ɗora hula, ya kafa rumfa. Hannunsa kuwa na da kyau. Hular da gumi ya cinye wa baki, in ta bi ta wurinsa, sai ta fito tana tsaye da kanta kamar yau aka ɗinka.

Amma ba wankin ne abin alfaharinsa ba, gaisuwa ce. Mutumin nan yana son a gaishe shi, wallahi. Darakta ya sauke gilashin mota ya ce, "Malam Uthman, ina gajiya?" to ranar ko bai ci abinci ba ya ƙoshi. Kuma yana da doka guda: sallama ba ta faɗuwa ƙasa a gabansa. Ko mahaukacin tasha ne ya gaishe shi, sai ya ajiye buroshi ya amsa, ya tambayi gida, ya tambayi yara.

A nan ya haɗu da Bartholomew, mutumin Filato, masinja a wata ma'aikata, shi ke kawo hulunan ogoginsa a leda. Sunan ya yi wa Uthman tsawo, ya datse shi ya koma Barto. Ashe ma lungunsu ɗaya a Mararaba. Suka zama bas ɗaya da safe, bas ɗaya da yamma. Uthman mai magana ne, Barto mai sauraro. Labarin da Uthman ya ba shi bara, in ya maimaita bana, Barto zai yi dariya a daidai inda ya yi wancan karon. Da Barto ya yi ritaya ma bai yi nisa ba, ya kafa tebur a gefen rumfar yana sayar da tocila da kwaɗo da laima.

To zamani ya juya. Tsofaffin daraktoci suka koma garuruwansu. Sababbin kuwa direba suke aikowa, shi ma ta taga zai miƙo leda, kunnensa toshe da igiyar waya. Gaisuwa ta yi ta raguwa a rumfar nan, har ya zama abin da ya rage wa Uthman a duniya shi ne kunnen Barto.

Sai aka ce 'yan fansho su je tantancewa, kuma dole kowa ya zo da imel, wato adireshin da ake aiko wa mutum takarda ta cikin waya. Christina, babbar 'yar Barto, ta buɗe masa. Ba a jima ba wayar Barto ta fara kuka. Ƙit. Jim kaɗan, ƙit.

"Kai Barto, wa ke ta nemanka haka?" in ji Uthman.

"Ba kowa, Malam. Shara ce."

"Shara tana sallama?"

"Wani ne wai yana da fili a Lugbe, in zo in gani. Wannan kuma wata jami'a ce a ƙasar waje, wai za ta ba ni digirin dakta."

"Kai? Dakta?"

"Ni ɗin nan, da firamare ɗina."

"Da sunanka suka kira ka?"

"Ga shi nan ɓaro-ɓaro. Wai abin ƙaunarmu Bartholomew."

Ya sa babban yatsa ya share, ko kallo na biyu bai yi ba.

Uthman ya ci gaba da dirzar hula, amma abin ya tsaya masa a rai. Shi da ya riƙe kawunan manyan ƙasar nan a hannunsa, ba wanda ya san sunansa ko a Kwatano. Barto mai ɗaukar fayil, har ƙetaren teku ake ce masa abin ƙauna! Abin da ya fi ci masa rai, mutumin ba ya amsawa. A yi maka sallama daga wata duniya, ka share da yatsa kamar ka kore ƙuda. Kuma kullum cikin ƙorafi, "Sun dame ni, Malam, sun dame ni." Uthman bai taɓa jin wannan a matsayin ƙorafi ba. Shi dai nuna masa ake yi.

Ga kuma na cikin bas. Ana tsaye a gosulon Nyanya, Uthman ya kawo labari daidai wurin daɗinsa, sai ƙit. Kan Barto ya sunkuya.

"Ci gaba, Malam, ina jin ka."

Ina fa. Wurin dariya ya zo ya wuce, Barto na can yana shara.

Uthman bai gaya wa kowa ba, ya je shagon masu kwamfuta na cikin tasha aka buɗe masa nasa. Ya sa waya a aljihun gaba ya zauna jira. Shiru. Kwana da kwanaki, shiru. Ya girgiza ta, ya ƙara data, ya koma shagon ya ce sun ba shi marar kyau. Daga ƙarshe ya bi ta bayan gida ya tambayi Barto, kamar ba komai, yadda mutanen nan suka san shi.

"Christina ta ce laifina ne," in ji Barto. "Duk inda aka ce in rubuta imel, sai in rubuta."

Shi ke nan. Uthman ya sa aka rubuta masa nasa a bayan kwalin sabulu, ya cusa cikin hularsa. Ka san 'yan matan nan masu riguna iri ɗaya da ke tare mutane a bakin tasha, masu tallan fili da inshora da maganin gargajiya na kwalba? Kowa gudunsu yake. Uthman shi ke bin su. Ya cire hula, ya zaro kwali, ya ce su kwafa da kyau. Su miƙo masa kyautar biro, ya ce su riƙe abinsu.

Ranar da saƙon farko ya shigo, bai jira Barto ba ya hau bas. Matarsa Saudatu ta yi aikin goge-goge a wani ofis, ta kuma yi makarantar yamma, tana haɗa Turanci a hankali. Ta karɓi waya ta karanta, ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, maganin rage tumbi ne."

Uthman kuwa siriri ne kamar sandar rake.

"Da sunana?"

"Da sunanka."

"To amsa masa."

"In amsa wa wa? Inji ne fa ke turowa."

"Inji ya san Uthman? Rubuta. Ki ce wa alaikumus salam. Ki ce yaya iyali, yaya zafi. Ki ce na gode da tunawa da ni, tumbi dai babu, amma in ya fito shi zan fara nema."

Ta rubuta tana tsaki. Abin da Uthman bai sani ba, su mutanen nan da zarar ka amsa, sun gane akwai mai rai a gidan. Sai su gaya wa 'yan uwansu. Kafin wata ya ƙare, wayarsa ta zama kasuwa. Masu fili, masu biza, masu man gashi, da wata baiwar Allah wai mijinta ya mutu ya bar dukiya ba ta san inda za ta kai ba. Ita wannan har ta'aziyya ya sa aka yi mata, ya ce dukiyar kuma ta nemi limamin unguwarsu a raba gado.

Ya ƙure ƙarar waya ya ɗora ta kan itacen hula inda kowa zai ji. Ta Barto ta ce ƙit, tasa ta ce ƙit ƙit. Sai ya ajiye buroshi ya dubi wayar ya ce, "Wa alaikumus salam, a jira ni in koma gida." Ya saci kallon Barto. Da yamma kuwa Saudatu ba ta da sauran sukuni, tuwo na kan wuta ita tana tambayar masu inshora lafiyar yara.

Rannan Barto ya ce, "Malam, abin nan ya yi maka yawa. Kawo wayar in kai wa Christina ta toshe su."

Uthman ya miƙe tsaye, hannu duk kumfa.

"Ai na sani! Da ma jira nake. Lokacin da kai kaɗai ake nema ba ka ce a toshe ba. Yanzu da aka san Uthman, shi ne ido ya yi ja."

"Haba Malam. Ni?"

"Kai ɗin. Mai korar baƙi da babban yatsa."

Washegari Barto ya ja teburinsa ya kai can gefen Friday mai faci. Bas ma kowa ya kama nasa. Uthman ya zauna da wayarsa. Tana kuka, yana amsawa, amma in labari ya taso masa sai ya waiga ya ga wurin tebur wayam.

Damina ta sauka. Wata safiya Barto zai tsallake kwata a bakin lungu, santsi ya kwashe shi, ƙafa ta karye. Labari ya iso rumfa kafin azahar. Uthman ya ji zuciyarsa ta faɗi, amma bakinsa ya ce, "Ai yana da masu gaishe shi har ƙasar waje." Bai je ba. Washegari ma bai je ba.

Saudatu ita ta je da kunun gyaɗa. Da ta dawo ya miƙo mata waya, ta naɗe hannu.

"Na daina. Marasa fuska kake wa ta'aziyya, maƙwabcinka na kwance da ƙafa a ɗaure."

"Yaya jikin nasa?" Ya yi tambayar yana kallon bango.

"Da sauƙi. Ba ya ma kewar kowa. Friday mai faci na can bakin gado yana ba shi labarin tasha, Barto na dariya har yana riƙe ƙafa."

"Friday?"

"Shi."

"Friday da ko labarin haihuwarsa bai iya bayarwa ba?"

Karyewar ƙafa ba ta tashe shi ba, wannan ta tashe shi. Ya zura riga, ya ɗauki hular da ta fi kowace tsayuwa, ya sayi lemo a bakin hanya.

Ya tarar da ɗaki cike, matan coci da kulolinsu, Christina na zuba shayi, ga Friday a kan kujerar da ke dab da kan gado. Uthman ya yi sallama, ya yi ya jiki, ya samu gefen benci. Barto ya ce, "Malam, ka zo," ya yi murmushi. Wayarsa na kan filo, shiru kamar dutse. Christina ta riga ta toshe su duka.

Uthman ya gyara murya ya ɗauko labarin daraktan da iska ta cire wa hula a gaban minista, labarin da bai taɓa kuskure dariyar Barto ba. Ya kai inda iska ta taso, sai ƙit daga aljihunsa. Doka doka ce. Ya tsaya ya ce, "Wa alaikumus salam." Ya koma kan labari. Ƙit. Ya sake amsawa. Matan coci suka fara kallon juna. Kafin ya dawo karo na gaba, Friday ya cusa nasa labarin, na wata taya da ta fashe, labari ba kai ba gindi, amma ba abin da ya katse shi. Kuma Barto ya yi dariya.

Uthman ya dubi wayar da ke kan filo, ya dubi tasa. Ka ga mutumin nan, ya sake riga shi. Da shi ke da masu nema, yanzu kuma shi ke da shiru.

"'Yata," ya ce wa Christina, "karɓi. Sallame su."

"Duka, Baba?"

"Duka. Amma a rubuta wa kowa ban kwana, ba a korar baƙo haka nan."

Ta duba ta zaro ido. "Baba, ko zuwa Kirsimeti ba zan gama ba."

Sai ya karɓi wayar ya miƙe, ya fita da ita har bakin ƙofar gida, yadda ake raka baƙo. Ya ɗaga ta ya ce, "To jama'a, mun gode da ziyara. Ku gaida gida. Allah ya kiyaye hanya." Ya dawo ya miƙa wa Christina, ya ce ta bar masa mutum ɗaya tak, mai filin Lugbe, don shi yaron kirki ne, duk Juma'a sai ya yi masa barka da Juma'a.

Sannan ya tsaya a kan Friday ya ce, "Ɗan matsa, ƙafata na ciwo." Ya zauna a kujerar. Ya ɗauko labarin darakta tun daga farko, iska ta taso, hula ta tashi, Barto ya yi dariya a daidai wurin.

Teburin tocila ya dawo gefen rumfa, da sandar dogarawa jingine a jikinsa. Duk Juma'a wayar Uthman takan ce ƙit sau ɗaya, ya amsa, ya juya ya ce, "Barto, kai an gaishe ka?" Barto ya ce a'a. Uthman ya ce, "Allah sarki," yana dirzar hula da ƙarfi.

Friday kuwa, in ya yi sallama Uthman yana amsawa, don doka ce. Amma har yau ba ya tambayarsa gida.