Igiyar Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya makance yana ɗan shekara shida, amma ya kai sittin bai taɓa yin ɗan jagora ba. Da wannan yake taƙama har ya ishe mu. Sana'arsa tufka igiya. Duk gugan da ya shiga rijiya a tsohon garinmu, da igiyarsa ya shiga. Garin kuwa a tafin ƙafarsa yake. Ya san saiwar bishiyar ƙofar maƙera, ya san gangaren da ke kaiwa gidanmu, inda yake cin abinci kullum. In mai ido ya yi tuntuɓe a gabansa sai ya ce, "Kawo hannu in kai ka gida."

Sai aka zo gina madatsar ruwa, aka ce mu tashi. Aka gina mana sabon gari a kan tudu, gida ɗari uku layi-layi kamar an tsaga kara, bambancinsu kawai lambar da aka rubuta da fenti a ƙofa. Manajan aikin, wani mai baƙin tabarau, ya ce ƙuri'a za a jefa don kada a ce an yi son kai. Sau uku Innata tana zuwa ofishinsa roƙon a haɗa ta maƙwabtaka da yayanta. Ya ce tsari tsari ne. Muka faɗa layi na biyu, Kawu na tara. Wai adalci ke nan!

A makon farko ya ɓata hanya ya shiga gidan mutane, matar gidan ta kurma ihun ɓarawo. Kwana biyu bai ci abinci ba don kunya.

Sai ya ɗauko ragowar ramar da ya taho da ita daga fadamarmu, wadda yanzu take ƙarƙashin ruwa. Mako uku yana tufka. Muka kakkafa masa itatuwa, ya ja igiya daga ƙofarsa zuwa famfo, daga famfo zuwa gidanmu, da ƙulli a bakin kowane layi. Ranar da ya yi mana sallama shi kaɗai, Inna har da hawaye. Ya ce, "Ke, bar kuka, miyarki ce dai har yanzu ba gishiri."

Ba a yi wata biyu ba aka ce manyan baƙi za su zo duba aiki. Aka yi shara, aka shafa wa duwatsu farin fenti. Manaja yana zagaye ya ga igiya.

"Wannan tarkacen fa?"

Inna ta ce, "Ranka ya daɗe, hanyar yayana ce."

"Baba, hanya tana cikin taswira. Wannan ba ta ciki."

Ya sa leburori suka yanke ta gunduwa-gunduwa, suka ƙone tare da shara. Abin da har yau yake ƙona min rai shi ne, da baƙin suka iso, Kawun aka zaunar a kujera a ƙofar gidansa aka ɗauki hoto, don a nuna ba a manta da naƙasassu ba. Manaja har da dafa masa kafaɗa yana washe baki.

Rama ta ƙare, kuma ko tsinke ɗaya ba ta fitowa a tudun nan. Kwana uku ina kai masa abinci ɗaki. A na huɗu na same shi tsaye a ƙofa, ya sa hula, ya daɗe yana jira. Da ya ji takuna sai ya miƙo min ƙarshen sandarsa.

"'Yata, riƙe nan. Ki bi da ni a hankali, ban iya ba."