Yadda Kalilu Riwaya Ya Koma Gyaran Minti Biyu

Shekara goma sha tara ina ɗinki a rumfar da ke jikin ta Kalilu Riwaya, kusa da tashar Daura, don haka duk wanda zai gaya mini halinsa sai dai ya ƙara mini gishiri. A Dutsi aka haife shi, ya koyi gyaran wayoyin babur a Kano, ya dawo gida da sukundireba ɗaya da baki mai yawa. Ya iya aiki, wannan kam ko maƙiyinsa ya shaida. Illarsa ɗaya ce: bai yarda a duniya akwai ƙaramin gyara ba.

A ganinsa, in ka gyara wa mutum babur cikin minti ɗaya, raina ka zai yi, gobe ya ce ai shi ma zai iya. Saboda haka in an turo masa roba-roba, irin ƙananan baburan nan da ake tayarwa da maɓalli, sai ya danna hon. Da ya ji shiru ya riga ya san inda ciwon yake, amma sai ya girgiza kai ya ja salati kamar an aiko masa da rasuwa. Daga nan ya kwance robobin jikin babur kaf ya jera a tabarma, ya ɗora waya a harshe, ya lumshe ido. Sai mai babur ya gaji ya tafi sallar azahar, sannan Kalilu ya ɗaga kujera ya canza fiyus, ko ya kankare tsatsar kan batir. Mutane kuwa suka ɗauke shi likita, bencinsa kullum cike da 'yan kallo. Abin yana ba ni haushi, amma ban taɓa tona shi ba, don 'yan kallon nan su ne ke kawo mini ɗinkin Sallah.

Kakarsa ta yanke saƙa ne bayan an ƙaddamar da Shari'a, lokacin da mata ma'aikata suka fara jin nauyin hawa bayan ɗan acaɓa, kowace ta nemi roba-robarta. Su kuwa maza da suka ga ba sai an sha wahalar buga kik da ƙafa ba, suka bi sahu.

Wata Laraba da hantsi, Sama'ila mai awon hatsi na zaune a benci tun safe, baburinsa a warwatse, Kalilu na yi masa bayanin cewa wutar ce ta ɓata hanya a cikin waya. Sai ga Haulatu ungozoma ta turo nata, gumi ya jiƙe mata hijabi.

"Baba Kalilu, ka taimake ni. An kira ni daga wani ƙauye hanyar Baure, mace ce kan gwiwa tun asuba, jini take zubarwa. Na danna, ko tari bai yi ba."

Kalilu ya danna hon. Shiru. Ya kunna sigina, babu ko ƙyalli. Irin ciwon baburin Sama'ila ne sak, kuma duk wanda ke bencin ya ga irin gwajin da aka yi wa wancan da safe.

Na bar keken ɗinkina na zuba masa ido. Ya dubi Sama'ila, ya dubi jama'a, ya ɗauki sifana kamar zai fara kwance roba. Wallahi a lokacin na tsane shi. Sai na ga hannunsa ya tsaya. Ya ajiye sifanar, ya ɗaga kujera, ya zaro fiyus da ya ƙone ya sa sabo.

"Matse birki, Malama, sannan ki danna."

Babur ya tashi. Ta buɗe jaka za ta biya, ya daka mata tsawa ya ce ta wuce, ba yanzu ba.

Ta wuce, 'yan benci suka bi ta da kallo. Sama'ila ya miƙe a hankali, ya leƙa ƙarƙashin kujerar nasa baburin, ya zaro fiyus ya ɗaga wa rana. Ya daɗe yana kallonsa.

"Kalilu," ya ce, "da ka faɗa mini tun safe cewa naƙuda ce ke sa ka sauri, ai ni ma iyalina tsohon ciki gare ta."

Kafin la'asar labari ya kai kasuwa. Tun daga ranar babu wanda ya ƙara turo masa babur ba tare da naƙuda a gida ba. Har Nagoggo mai goro, wanda ya haura saba'in kuma rabonsa da aure tun kafin a kawo lantarki unguwarsu, ya zo yana haki wai a yi sauri, ana jiransa da ungozoma.

Yanzu minti biyu Kalilu ke gyara, kuma babu mai zama kallon gyaran minti biyu. Benci ya bushe, an daina ce masa likita, ni ma ɗinkin Sallah ya ja baya. Na taɓa tambayarsa ko yana nadama. Ya goge sukundireba da gefen rigarsa.

"Haulatu ta zo washegari," ya ce. "Ta ce da ta ƙara rabin sa'a a nan, da gawa biyu za ta tarar."